Kafin a jefar da dinamo

A garejojin Garwa yanzu, da ka shiga da tsohuwar mota mai dinamo, wato na'urar cajin batir irin ta da, ka ce batir ba ya caji, kafin ka rufe baki an yanke hukunci: a cire a sa altanato, na'urar caji ta zamani. Ban ga laifin yaran ba, a kan altanato suka koyi aiki. Amma da yawa daga dinamon da ke jibge a bayan gareji lafiyarsu ƙalau, gwada su ne ba a iya ba.

Land Rover ɗin baffana ce ta sa na ɗauko zancen. Series IIA ce ta 1965, mai injin fetur lita 2.25, har gobe da ita yake ɗauko masara da gyaɗa daga kasuwar Pitoa ran Lahadi. Dinamonta Lucas C40 ne, iyakarsa amfiya 22, regilato kuma, mai daidaita wutar caji, RB106, baƙin akwatin nan mai bakin waya biyar: A1, A, F, D da E. Batir ya gaji aka sayo sabo, wani yaro ya ɗaura shi yadda ya saba, kan − a jikin mota. Nan gizo ke saƙa, domin Land Rover ta kafin 1967 kan + ne ke zuwa mas, wato jikin mota. Sitata ba ruwansa, ya juya inji ya tashi. Sai dai allurar amfiya ta koma nuna baya, katawut kuma, wato makunnin cikin regilato da ke haɗa dinamo da batir, yana ta ƙaf-ƙaf, bakinsa na tartsatsi.

Dalili shi ne dinamo ba daga batir yake samun wutar farawa ba. Akwai ɗan maganaɗisu da ke saura a ƙarfen cikinsa ko an kashe inji, da shi yake soma haifar da wuta, shi ne kuma ke nuna wa wutar inda za ta fuskanta. Ka juya batir ba ka juya wannan ba, ka haɗa su faɗa.

Na ce, "Baffa, a mayar da ita yadda take, ko a bar ta yadda yaron ya ɗaura?"

Ya ce, "Ɗana, wanne ne zai bar ni in yi cajin waya a hanya?"

Shi ke nan, aka bar − a mas. Na cire siririyar wayar F daga bayan dinamo, na jawo wata waya daga kan + na batir, na ɗan ɗosana ta a bakin F har ta yi tartsatsi, na sake. Maganaɗisun ya juya ke nan. Sauran aikin musanya wayoyi biyu na mitar amfiya ne da na kwayil. A kula, wannan tsarin Lucas ne. Dinamon Bosch na tsohuwar Volkswagen ba haka aka haɗa filinsa ba, wato naɗin wayar da ke ba shi maganaɗisu, kada a yi masa haka. Masu Peugeot 404 kuwa DYN, EXC da BAT za su tarar a rubuce, ba D da F ba.

Duk da haka jar fitilar caji da ke gaban direba ba ta mutu sarai ba ko an taka totur. A nan ne hannun kowa ke kai wa regilato da sukundireba, alhali shi ne na ƙarshe a layi. Fambel ake fara dubawa: in ka danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya, ya yi. Matse shi fiye da haka cin bushin baya yake yi. Daga nan a cire D da F daga dinamo, a haɗa bakunan biyu da guntuwar waya, a sa mita tsakaninsu da mas, a tada inji a ƙara masa wuta sannu a hankali. Lafiyayyen dinamo nan da nan mita ke hawa, kada dai a bari ta wuce volt 20. In ta tsaya wajen volt 1, a zargi filin ciki, wanda awonsa ya kamata ya zo kusan om 6. In ta maƙale a 4 ko 5, amaca ce, wato ɓangaren da ke juyawa a ciki, ko gawayin da ke gogarta yana ɗebo wuta.

Namu gawayi ne. Ƙurar hunturu ta shiga ta ramukan iska ta gauraya da mai, guda ɗaya ya daskare a gidansa, sifirin ya kasa tura shi. Na wanke da fetur, na goge tagullar amaca da samfefa mai laushi, na yashe dattin da ke tsakanin layukanta, na ɗiga man inji a ramin bushin baya, wanda daga gani ya shekara bai ga mai ba. Sai a sannan na buɗe regilato, shi ma goge bakin katawut da ya ƙone kawai na yi, na ƙara ɗaure wayar E da tsatsa ta ci. Sukurorin saiti ban taɓa su ba. Katawut ya rufe a wajen volt 13, inda ake so. Kada kuma wani ya danna shi da yatsa inji na kashe. In ya manne, batir zai juye wutarsa cikin amaca ya gasa ta.

Na gaya wa Baffa in ya ga jar fitila na ɗan haske inji na silo, kada ya juyo gareji, halin dinamo ne, sai ya yi gudu yake caji. Ruwan batir kuma ya riƙa leƙawa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ya so a ƙara masa manyan fitilu biyu a gaba saboda dawowar dare. Wannan kam na hana: fitilun mota da kwayil da waifa sun riga sun cinye fiye da rabin amfiya 22 ɗin. Ranar da ya nace sai an sa su, ni da kaina zan nemo masa altanato daga Yola.