Daga teburin Stalin zuwa Tudun Hatsi

Lokacin da na zaɓi rubuta kundin digirina na Tarihi a kan hukumomin leƙen asiri a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Cacar Baka, abin da ke kaina shi ne mutane masu baƙin tabarau da bindiga a ƙugu. Sai na tarar manyansu dattawa ne a bakin tebur, takardu sun yi musu tsibi, suna sammako don tace abin da ya shigo cikin dare kafin shugaban ƙasa ya farka. Stewart Menzies, wanda ya riƙe hukumar MI6 ta Birtaniya daga 1939 zuwa 1952, cikin manyan ayyukansa na kullum a lokacin yaƙi akwai tabbatar da cewa saƙonnin sirrin sojan Jamus da aka warware a cibiyar Bletchley Park sun isa hannun Firaminista Churchill cikin akwati a kulle. A Amurka kuwa, a 1961 CIA ta fara haɗa wa Kennedy taƙaitaccen rahoto mai 'yan shafuka, wanda a 1964 ya rikiɗe ya zama rahoton kullum na shugaban ƙasa. Na kai kuka wurin malamin da ke duba aikina cewa ba abin da na zata ba ke nan. Ya yi dariya ya ce, "Ai magatakarda ne irinmu, sai dai su kuskurensu da rayuka ake biyansa."

Na gama, na yi bautar ƙasa, aikin gwamnati bai samu ba. Wani Alhaji abokin mahaifina ya ɗauke ni in riƙe masa lissafi a Tudun Hatsi, nan Gombe. Ban da rubuta shigar buhu da fitarsa, ni ke amsa wayar dillalanmu na Kumo da Dukku da Bajoga, bayan magariba in zauna in faɗa wa Alhaji yadda kasuwa ta wuni. Sai da na yi wata da watanni kafin na gane cewa aikin mutanen kundina nake yi, bambancin kawai nawa a kan masara da wake ne.

Wata shekara Alhaji ya cika sito da wake, ya kafe a kan cewa farashi zai ƙara tashi kafin sabo ya shigo. Kowa a rumfar ya san ra'ayinsa. Dillalai suna bugowa suna cewa, "Ka ce wa Alhaji ya riƙe, kaya zai yi kuɗi." Mutum ɗaya ne ya saɓa, wani tsoho daga wajen Dukku. Ya ce ya zaga gonaki da ƙafarsa, wake ya yi kyau, kuma masu manyan motoci daga kudu sun rage zuwa. Da dare na kawo maganar tsohon, ban ɓoye ba, amma na ajiye ta a ƙarshe, na kuma rufe da cewa, "Sai dai maganar mutum ɗaya ce, ranka ya daɗe." Alhaji ya gyaɗa kai. Bayan 'yan makonni sabon wake ya cika kasuwa, farashi ya karye, namu kuma ƙwari sun fara taɓa shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne na san sunan abin da na yi, domin na rubuta babi guda a kansa. A watan Maris na 1941 Filipp Golikov, shugaban leƙen asirin sojan Tarayyar Sobiyat, ya jera wa Stalin rahotannin da ke nuna Jamus na shirin kawo hari, sannan a ƙasa ya ce a ɗauke su a matsayin ƙaryar da abokan gaba ke bazawa. Shi dai yana da uzuri: da yawa daga waɗanda suka hau kujerar kafinsa harbe su aka yi. A tsakiyar Yuni Pavel Fitin, mai kula da leƙen asirin ƙasashen waje, ya zo da gargaɗi daga wani mutuminsu da ke cikin ma'aikatar sojan sama ta Jamus. Stalin ya rubuta ashar a kan takardar, ya ce wannan mai yaɗa ƙarya ne. Ranar 22 ga Yuni sojan Hitler suka tsallako iyaka. Ni fa babu mai harbe ni. Ɗaure fuskar Alhaji kawai na ji tsoro, na yi wa labarin kwaskwarima.

Ban ɗora wa dillalan laifi duka ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. A 1981 Yuri Andropov, shugaban KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyat, ya sa ta shiga neman alamun cewa Amurka da ƙawayenta na shirin kai harin nukiliya ba zato. Aka umarci jami'ai a birane irin su Landan su riƙa ƙirga tagogin ma'aikatu masu haske da dare, su sa ido a kan wuraren ajiyar jini. Oleg Gordievsky, wanda ke ofishinsu na Landan yana kuma yi wa Birtaniya aiki a ɓoye, ya ba da labarin cewa jami'an ba su yarda da zancen ba, amma tunda alamu aka nema, alamu suka riƙa aikawa, Mosko kuma tsoronta na ƙaruwa. Haka dillalanmu. Tambayar da nake yi musu ita ce, "Zai tashi ko?" Wa zai ce a'a alhali la'adarsa a hannun Alhaji take? Yanzu cewa nake, "Mota nawa ka gani yau? Buhu nawa aka sauke?"

Wanda na fi amfana da shi a aikace shi ne Sherman Kent, malamin tarihi da ya zama babban mai hasashe a CIA. A 1951 shi da abokan aikinsa suka rubuta cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi a kai wa Yugoslabiya hari. Da ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me suke nufi da kalmar, wani ya ce kashi 20 cikin 100, wani ya ce 80, kuma dukkansu sun sa hannu a takarda ɗaya. Mu ma muna da irinta: "da alama", "wataƙila", "ana sa rai". Duk dillalin da ya ce min da alama, sai in ce, "Cikin goma, nawa?" Da farko sun mai da ni abin dariya, har suka sa min suna Malam Cikin Goma.

Kada a ɗauka dabarar ta hana kuskure. Kent ɗin nan da ofishinsa ne suka ce a Satumbar 1962 da wuya Sobiyat ta girke makamai masu linzami na nukiliya a Kyuba. Shugaban hukumar, John McCone, yana hutun angwanci a Faransa yana ta aiko da saƙo cewa ba a kewaye tsibiri da makaman kakkaɓo jirage sai in akwai abu mai daraja da ake ɓoyewa. Ranar 14 ga Oktoba jirgin leƙen asirin Amurka na U-2 ya ɗauko hoton da ya gaskata shi. Shi kaɗai ne a gefensa, kamar tsohon Dukku.

Littafina na yanzu kowane shafi kashi uku ne: abin da aka gani da ido, abin da aka ji, sai zatona. Wanda ya saɓa wa Alhaji shi nake fara karantawa. Makon jiya na gaya masa masarar da ya sayo daga Kumo ba ta bushe sosai ba, kuma a ganina ya yi gaggawa. Ya yi shiru yana jan carbi har na fara tattara takarduna. Can ya ɗago ya ce, "Cikin goma, nawa?" Na ce bakwai. Ya kira yaron shago ya ce gobe da sassafe a fito da buhunan a shanya.