Dusar Ƙanƙarar da Na Gani a Viyana, Cikin Gilashi

Taro ne ya kai ni Viyana, babban birnin Ostiriya, a farkon watan Disamba. Amma gaskiya abin da na ƙudurta a raina shi ne in ga dusar ƙanƙara tana zuba da idona. Kwana biyar ina leƙen taga duk asuba, babu komai sai sanyi mai ratsa ƙashi da yayyafi. Ranar da muka kammala, wani abokin zama ya ce in dai dusa nake nema, in je unguwar Hernals, akwai gidan da ba ta taɓa yankewa.

Daga tashar Schottentor na hau taragon titi, na sauka na ƙarasa da ƙafa zuwa layin Schumanngasse. Sai da na wuce gidan na dawo, don ba shi da wata alama ta masana'anta. Ina tura ƙofa na tarar da kantoci maƙil da ƙwallayen gilashi cike da ruwa, kowanne da 'yar duniyarsa a ciki: cocin Stephansdom, babban lilon wurin shaƙatawa na Prater, bishiyar Kirsimeti.

Asalin sana'ar ya fi ba ni mamaki. Erwin Perzy, wanda ya kafa gidan, maƙerin kayan tiyata ne, kuma a wajen 1900 abin da ya dame shi shi ne ƙwan lantarki ba ya ba likitoci isasshen haske. Masu ɗinkin takalmi na lokacin kan ajiye tulun gilashi mai ruwa a gaban kyandir don hasken ya taru wuri ɗaya. Ya ari dabararsu, ya riƙa zuba abubuwa a ruwan ko hasken zai ƙaru, har ya kai ga tsakin alkama, irin wanda muke dashishi da shi. Tsakin ya jiƙa, ya yi ta sauka a hankali kamar dusa. Haske dai bai samu ba, sai ga sana'a. Abin da ya fara sakawa a ciki shi ne 'yar siffar cocin Mariazell, kuma a 1905 shi da ɗan'uwansa Ludwig suka fara ƙerawa don sayarwa. An nuna irin waɗannan ƙwallaye a baje-kolin Faris tun 1878, amma Perzy ne ya yi wa nasa rajista, kuma har yau gidan na hannun zuriyarsa.

Na ɗauki ɗaya mai siffar gidan dutse, na kusanto da shi fuskata. Da hannu aka yi masa fenti, har ana ganin inda burushi ya ɗan karkace a bakin taga, taga kuwa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Na kifa shi na mayar. Nan ne gwanintar take. Na sha ganin na roba a kasuwa, kana girgizawa farin ya zube ƙasa kamar yashi. Wannan kuwa sai ya yi ta shawagi, wani ya sauka kan rufi, wani ya sake tashi. A manyan ƙwallayen yakan kai minti biyu kafin ya lafa. Tsakin alkama an daɗe da barinsa, abin da ake zubawa yanzu sirrin gida ne. Na tambayi matar da ke kanti, ta yi murmushi kawai ta ci gaba da naɗe kaya. Ban ga laifinta ba, wace mai yaji ce take faɗin haɗinta?

Biyu na saya, ƙarami da matsakaici, kuɗin kuwa sai da na ji a jikina. Saboda dokar ruwa a jakar hannu, na cusa su cikin safa na binne a tsakiyar akwati, na yi ta addu'a har Kano.

Hajiya ta juya matsakaicin ta daɗe tana kallo.

"To kai ka ga ta gasken?"

"Ban gani ba, Hajiya."

"Duk wannan nisan?" Ta sake kifa shi. "Ai hazon hunturu ne, sai dai shi ba ya sa tari."

Yanzu yana cikin kabet ɗinta tsakanin tangaran, kuma babu jikan da ke taɓawa sai tana zaune.