Gurzajjen cuku kilo shida da wutar da ba ta zama

Ranar Talata na leƙa kicin ɗin ɗiyar yayana a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, na tarar da manyan ledoji uku na gurzajjen cukun mozarela a kan tebur, kowace kilo biyu. Ta farke bakin ɗaya da almakashi, ta zura hannu ta ɗebo abin da za ta barbaɗa wa fiza, ta murɗe bakin ledar ta ajiye kusa da murhu. Na ce, "Ke, wannan duka na wa?" Ta ce, "Goggo, sari na yi daga Kano, ya fi araha." Ta faɗa tana duba waya. Odar fiza shida take da ita a sati.

Ban yi mata faɗa a lokacin ba, don ni ma kilo goma na taɓa jibgewa ana gobe jajiberin Salla, cikin zafin bazara. Kuma kuskurena bai tsaya a yawan sayen ba. Ledar da ke ɗauke da rabinsa na cusa a firiza yadda take, ko rabawa ban yi ba. Washegari ta dunƙule kamar bulo. Kullum sai in fito da ita, in bar ta ta ɗan saki, in ɓantari abin da nake so, in mayar da sauran. To, duk narkewa ɗaya ruwan da ke cikin cukun yana fitowa, in ya koma sanyi ya zama ƙanƙara mai tsini da ke yayyaga jikinsa. Kafin sati ya zagayo, fizar da na gasa sai ta fito da ruwa kwance a tsakiya, mai ya ware gefe, cukun ba ya jan zaren nan da masu saye ke so su gani.

Rabin da na bari a firji kuwa, da hannu nake ɗiba, hannun da ya taɓa kwaɓin fulawa da albasa. Kwana kaɗan sai ga fumfuna kore-kore a lungun ledar. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: na tsince wurin da ya yi kore, na yi aiki da sauran. Dunƙulen cuku mai tauri irin su ceda, in ya yi fumfuna, ana iya yanke wurin a haɗa da kamar santimita 2.5 ta kowane gefe, a ci sauran. Gurzajje ba haka yake ba. Kowane sili a buɗe yake, saiwar fumfunar ta riga ta ratsa inda ido ba ya gani. Ledar gaba ɗaya ake zubarwa.

Amma a yi mini adalci. Mu da muka tashi da cukun Buzaye, fallen nan busasshe da ake shigowa da shi daga Nijar, wanda ake ajiyewa a kwano ya daɗe bai ce uffan ba, wa ya gaya mana akwai cukun da ke mutuwa a wuni ɗaya in ya rasa sanyi? Babu wanda ya koya mini. Kuma an ɗauke wuta kwana biyu cur a wancan satin, wannan ba laifina ba ne. Ko da yake, in gaskiya za a bi, na san garin da nake zaune kafin in sayi kilo goma. Ku kuwa 'yan yanzu ba ku da wannan uzurin. Waya na hannunku dare da rana, amma sai kallon matan ƙasashen da ba a ɗauke wuta suna loda firiza, ku ce ku ma haka za ku yi.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma in kuka riƙe wannan ya isa: ranar da cukun ya iso, tun da sanyinsa, a raba shi. Ba gobe ba. Fiza mai faɗin santimita 30 tana cin gram 150 zuwa 200, don haka a auna gram 200 a kowace ƙaramar leda mai zif. Kilo biyu leda goma ke nan. Da cokali mai tsabta busasshe ake ɗiba. A matse iskar tas, a baje ledar ta yi fale-fale kamar littafi, don ta daskare da wuri kuma ta saki da wuri. A rubuta kwanan wata a jiki. Na kamfani yawanci an riga an barbaɗa masa garin sitaci don kada ya manne. In ku kuka gurza da kanku, ku zuba babban cokali ɗaya na kwanfulawa, wato garin sitacin masara, a kowane rabin kilo, ku girgiza. Firiza ta kai digiri 18 ƙasa da sifiri, a haka zai yi wata biyu zuwa uku da daɗinsa. Wanda za a bari a firji kada ya wuce na kwana biyar bayan an buɗe. Ledar da ta fito ta narke ba ta komawa.

Kada ku tsaya narkar da shi ma. Daga firiza a murza ledar, a barbaɗa kan fiza ko shawarma, zafin tanda zai yi sauran aikin. In dole sai an narkar, a firji zai kwana, ba a kan tebur kusa da murhu ba. Abin da ke lalacewa cikin sauri, awa biyu a waje ya yi yawa, a zafin Afrilu na Katsina kuwa awa ɗaya ce.

Maganar wuta ita ce uwar komai. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabin kaya awa 24, firji kuwa awa huɗu kacal. Saboda haka a cike gurbin da robobin ruwa su daskare, a sa cukun can ƙasa a tsakiyarsu, a hana yara buɗewa neman ruwan sanyi. In ba ku da sola ko janareta, kada ku sayi fiye da na sati biyu. To, sari dai ya fi araha, ban musa ba, kuma zuwa Kano kowane sati ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ku saya da yawa in kun ga dama. Amma ku fara lissafa wutarku kafin ku lissafa riba.

In kuma ya riga ya narke amma da sauran sanyinsa, ba wari ba yauƙi, a cinye shi a ranar. Hanya mafi cin cuku ita ce makaroni: bota babban cokali biyu, fulawa cokali biyu, a juya minti ɗaya a wuta kaɗan, a riƙa tsiyaya madara rabin lita ana juyawa har ta yi kauri. A sauke tukunyar tukuna, sannan a zuba cuku gram 200 kaɗan-kaɗan, a juye kan dafaffen makaroni. In aka zuba shi tana tafasa, zai guntse ya koma ƙulalai cikin mai. Ragowar a tura cikin wainar ƙwai, ko samosa, ko a rufe dafaffen dankalin Turawa da shi a gasa.

Da na gama, yarinyar ta ce, "Goggo, ledojin zif ɗin ma ai kuɗi ne." Na aiki ƙaninta kasuwa ya sayo, na zaunar da ita gaban sikeli, na karɓe wayar. Leda talatin muka ɗaure kafin la'asar.