Yini guda a lungunan Fas

Laraba, bayan isha'i.

Ƙafafuna sun yi tsami. Tun hantsi na shiga tsohon birnin Fas ta ƙofar Bab Bujlud, na gangara ta Tala'a Kabira. Mota ba ta shiga nan, jaki da alfadari ke dakon komai, har tukunyar gas. Da ka ji an ce "Balak!" sai ka manne da bango, in ba haka ba kayan jaki su goge ka.

Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani na nufa, amma wani yaro ya ja ni majemar Shuwara tukuna. Aka hau da ni saman wani shagon fata, aka miƙo min ganyen na'ana'a wai in kare hanci. Turawan da ke gefena har suna yamutsa fuska. Ni da na tashi kusa da majema a Kano, warin bai dame ni ba. A ƙasa ga ramuka birjik, wasu na farar ƙasa da kashin tattabaru, wasu na rini, ja da rawaya. Majema sun nutse har cinya suna tattake kirgi, rana na dukansu. Mai shagon ya ce duk duniya ba fata kamar ta Maroko. Na ce masa da yawan wadda Turawa suka riƙa saya da wannan suna a da, fatar jan akuyar Sakkwato ce da ayari ya tsallako Sahara da ita. Ya yi dariya, amma bai rage min ko dirhami ɗaya ba.

Na yi azahar a masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta gina da dukiyar gadonta a shekarar 859.

Zawiyar kuwa a wani matsattsen lungu take, sai da tambaya. Shehu a Ainu Madi ta Aljeriya aka haife shi, amma a nan Fas ya rasu a 1815. Bayan la'asar aka zauna wazifa, aka shimfiɗa farin ƙyalle da aka zo Jauharatul Kamal. Mutanen Sanigal sun yi yawa a sahun. Da aka shafa, wani dattijo ya dubi hulata ya ce, "Ɗana, daga ina?" Ashe mutumin Damagaram ne. Na rusuna na gaishe shi, ya ce dole in bi shi masauki mu sha harira, wata miyar mutanen Maroko. Ita ce ma abincin darena.

Gobe da asuba jirgin ƙasa zuwa Maknas, in Allah ya kai mu.