Talata: gilashin falon Alhaji

Yau ban buɗe shago ba sai bayan azahar, don da sassafe na wuce Nasarawa duba wani aiki. Wani Alhaji ne ke ƙarasa gini, magininsa ya ba shi lambata. Gilashin ado yake so, falle uku a jere, a bangon da ya raba falon baƙi da hanyar shiga cikin gida.

Muna gama gaisawa ya zaro waya ya nuna min hoton wani otal a Dubai, gilashi garau an zana ɗawisu ya baje jela. Ya ce, "Malam, irin wannan sak, amma ka cire tsuntsun, ba na son hoton mai rai a gidana." A raina na ce in an cire ɗawisun me ya rage? A fili kuwa na ce, "Ranka ya daɗe, mu ga wurin tukuna."

Na tsaya daidai inda kujerar baƙo za ta zauna, na leƙa ta gurbin da magini ya bari. Ga ƙofar kicin, ga tsakar gida fayau. Na roƙe shi ya zo ya tsaya a wurin. Ya ɗan yi shiru, sai ya kira Hajiya ya sa wayar a sifika. Ita kam ba ta yi kwana-kwana ba: haske take so ya shigo mata, amma kada na falo ya gan ta. Na gaya mata gaskiya, da dare in fitila na bayanta za a ga giftawar mutum, sai dai ba za a gane ko wane ne ba. Ta ce wannan ba komai.

Daga nan aikin ya sauya. Yadda muka saba, a manna sitika, a yanke zane da reza, a fesa yashi da kwamfuresa (injin hura iska mai ƙarfi), inda aka buɗe ya dushe, inda aka rufe ya zauna garau. To duk layin da ya zauna garau kafar leƙe ce, ko da faɗinsa bai wuce yatsa ba. Don haka na ce za mu dusar da bayan gilashin gaba ɗaya, sannan a gaba mu sassaƙa dagi da zurfi hawa biyu, yadda zaren da ya hau da wanda ya bi ta ƙasa za su bambanta. Wannan sai mai kaurin milimita 10, mai 5 ba zai ɗauka ba.

Dagin ma sai da muka yi ja-in-ja. Ya ce ya zama gama-gari, kowane get da kowace takardar biki da shi. Bai yi ƙarya ba. Amma wanda ake bugawa da kwamfuta daban, wanda ke jikin tsofaffin gidajen cikin birni daban, don na magina yana da tudu da kwari. Sai ya kawo zancen kala, wai a sa kore da ruwan gwal. Bangon nan yamma yake kallo, kuma akwai babbar taga a gabansa, fenti ko leda duk ranar la'asar za ta cinye su. Kala ta gaskiya a cikin narkakken gilashi ake haɗa ta, shi ya sa awarwaron da mutanen Masaga ke yi a Bida da narkakkun kwalabe ba ya koɗewa. Na ba shi misali da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim: adon cikinsa na ƙasa ne, haske da inuwa ke fito da shi. Ya ce sai ya ga samfuri da idonsa. Na fi son haka.

Da yake akwai yara a gidan, dole a gasa gilashin. Ana kai shi zafin da ya haura digiri 600, a buso masa iska ya huce nan take, ya fi na banza ƙarfi wajen ninki huɗu, in ma ya fashe sai ya zube ƙanana kamar tsakuwa. Amma bayan gashi babu yanka, babu huji, babu sassaƙa mai zurfi. Shi ya sa na auna kowane gurbi sama, tsakiya da ƙasa, na kuma samu na tsakiyan ya fi faɗi daga sama da kusan rabin inci. Magini ya ce filasta ce. Ko ma mene ne, ba zan ba da awon ƙarshe ba sai mai alminiyam ya kafa firam.

Wajen kuɗi ya so in sayo kaya da nawa ya biya daga baya. Na ce, "Alhaji, gilashi dala yake bi, farashin yau ba shi ne na jibi ba." Bayan albarka da tayi na sallama a kan rabi kafin alƙalami, ciko ranar ɗorawa, kuma zai sa hannu a kan zanen kafin in taɓa reza.

Na biya ta kasuwar Ƙofar Ruwa na tambayi gilashi mai kaurin milimita 10. Akwai, sai dai gefensa ya yi kore da yawa, alamar ƙarfe a cikinsa, kuma in an dusar da shi koren zai ƙara fitowa. Na karɓi guntu don gwaji.

A shago na tarar da yarona yana fesa wani allo babu takunkumi, ƙura har a girarsa. Wai "Oga, ɗan kaɗan ne." Ƙurar yashi in ta shiga huhu ba ta fita, na faɗa har na gaji, yau dai na kashe injin na ce ya je ya wanke fuska. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, ƙaramin janaretonmu kuma ba ya jan kwamfuresa, don haka samfurin sai gobe. Alhamis bayan la'asar zan kai masa, in sa yaron ya tsaya a bayan gilashin, Alhaji ya zauna a mazaunin baƙo ya faɗi abin da ya gani.