Zanen Auta

Yau Asabar ban yi niyyar fita ba wlh, sai Hajiya ta kira wai in zo in karɓi daddawar da aka kawo mata, shi ne na ɗau Ummi muka hau adaidaita. Tafiyar minti ashirin sai da ta ci mana kusan awa guda, motoci sun cushe ba gaba ba baya, Ummi ta yi barci a cinyata gumi na ta zuba.

Na tarar da Auta a tsakar gida ya baje kwamfuta da takardu a kan tabarma, firojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yake ta fama da shi, zanen gadar sama a wata mahaɗa da ya zaɓa. Yaron nan ya rame fa. Sati biyu ya yi yana tsayuwa a bakin titi, daga bakwai zuwa tara na safe, sannan daga la'asar zuwa magariba, yana ƙirga abin hawa da biro, kowanne da layinsa, ƙananan motoci daban, adaidaita daban, babur daban, tirela daban, wai ita tirela ɗaya a lissafinsu a madadin motoci da yawa take saboda wurin da take ci. Ya ce min Yaya, duk masifar mahaɗa masu yin hagu ne, tunda hannun dama muke bi, wanda zai yi hagu dole ya gitta gaban masu tahowa, shi ya sa ko an sa danja sai an ware musu nasu lokacin kowa ya tsaya yana jira. A zanensa mai yin hagu ba ya gitta kowa, wucewa zai yi gaba sannan ya karya dama ya zagayo ya hau ɗaya titin, zagaye huɗu kamar fure, irin dai gadar da aka tsara wa mahaɗar Tal'udu a nan Kano lokacin da aka aza harsashinta tare da ta Ɗan Agundi a ƙarshen 2023. Matsalarta dai cin fili, kuma masu hawa da masu sauka suna haɗuwa a ɗan taƙi guda.

Baba yana kan kujerarsa yana jin mu, da ya ji an ambaci hannun dama sai ya tsoma baki, ya ce yana tuna 1972 da aka koma dama daga hagu, direbobi sun sha ruɗewa a shataletale. Ya yi dariya har da tari. Na ji daɗin ganinsa haka.

Na ji alfahari da Auta sosai, zanen ya yi kyau, har motsi yake yi a kwamfuta, 'yan motoci na ta zagayawa ba mai tsayawa. Ina cikin kallo ne abin ya faɗo min, na ce Auta, to ina mutum a nan? Ya ce wane mutum Yaya? Na ce mai tafiya a ƙasa mana. Ya jawo takardar ƙirgensa muka duba tare, layin tirela akwai, layin babur akwai, na masu ƙafa babu. Sati biyu mutane na ratsawa ta gabansa bai sa ko ɗaya a takarda ba. Ya ce ai za a iya ƙara gadar masu ƙafa daga baya. Na ce dubi gwiwar Baba, matakala nawa zai hau sau biyar a rana in masallacinsa ya faɗa ɗaya tsallaken? Ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki ta ina zai hau? Mai tallan gurasa da tire a ka, yara 'yan islamiyya, mai goyo da kaya a hannu? Kuma tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita ne ƙafar talakan Kano, shi kuwa inda fasinja ya ce ya isa nan yake tsayawa, in ba a ware masa wurin sauke mutane ba a gindin gadar zai dinga tsayawa, cunkoson da aka kora daga sama ya dawo ya taru a ƙasa.

Ina ganin na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Ya yi shiru yana kallon allon, Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce ke dai ki bar yaro ya ci abinci.

Ba ƙin gada nake ba. Na san Ƙofar Nassarawa kafin a yi mata gada, na san yadda shataletalen Dangi yake a da, an samu sauƙi kam, ba mai musu. Amma duk inda mota ta samu sarari gudu take ƙarawa, kuma gaban wannan gudun ne tsohuwa za ta tsaya tana jiran tazara.

Tuwo da miyar kuka. Ummi ta ƙi ci sai da Baba ya ba ta a baki.

A hanyar dawowa mun sake maƙalewa, sai na kama kaina ina ƙirga masu ratsawa tsakanin motoci, na kai arba'in da wani abu, sai ga wani makaho ɗan jagoransa na jan sandarsa, sun tsaya a tsakiyar titi sun kasa gaba sun kasa baya, daga nan lissafin ya ɓace min.

Bayan isha'i na tura wa Auta saƙo in ba shi haƙuri. Bai amsa ba sai ɗazu wajen sha ɗaya, wai in ara masa lemata, ran Litinin zai koma bakin titin da sabuwar takarda.