Yarinyar da ta tsani kyamara: labarin Lata

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wani ɗan guntun bidiyo a YouTube, tsohon fim ne baƙi da fari duk ya dusashe, wata yarinya siririya mai kitso biyu tana tsaye gaban kyamara kamar wadda aka turo aike dole. Na kalla na sake kalla kafin na karanta abun da aka rubuta a ƙasa, wai Lata Mangeshkar ce, shahararriyar mawaƙiyar finafinan Indiya. Nace kai, dama Lata ta taɓa fitowa a fim? Ni duk tsawon rayuwata murya na san ta da ita, sai kuma hoton tsohuwa cikin farin sari tana murmushi.

Kuma bari in tona wa kaina asiri, ina yarinya ni a zatona duk jarumar da na gani tana rawa cikin ruwan sama ita ke rera waƙar da bakinta, har mamaki nake yadda Allah ya ba matan Indiya murya iri ɗaya sak. Sai da na girma na gane mamin suke yi, kuma mafi yawan waƙoƙin da na haddace ba tare da na san ma'anar ko kalma ɗaya ba, daga maƙogwaron mace guda suka fito.

An haifi Lata 28 ga Satumba 1929 a garin Indore. Sunan yankanta ma Hema ne, daga baya aka maida shi Lata saboda wata mata mai suna Latika a cikin wata dirama ta babanta. To ka ga tun daga suna dandamali ya riga ya kama ta. Baban nata, Deenanath Mangeshkar, babban mawaƙi ne kuma ɗan wasan dandamali a yaren Marathi, yana da tawagarsa da suke yawo gari gari. Tana wajen shekara 5 ta fara hawa dandamali a diramominsa na waƙa. Makaranta kuwa ba ta yi wani zama ba, a gida ta koyi abun da ta koya.

Sai 1942 ta zo. Baban ya rasu, arzikin gidan dama ya riga ya karye, ita ce babba tana shekara 13 bata cika ba, ga uwa ga ƙanne huɗu: Meena, Asha, Usha da autansu namiji Hridaynath. Wa zai ciyar da su? Nan ne wani aminin gidan, Master Vinayak, mai kamfanin fim na Navyug Chitrapat, ya jawo ta ya fara bata ƙananan rol. Ƙanwar jaruma, ƙawar amarya, irin waɗanda in ka ƙifta ido sun wuce. Waƙar farko ma da ta rera wa wani fim na Marathi a shekarar, da aka zo tace fim ɗin cire ta aka yi gaba ɗaya. Ka ji fa mafarin matar da daga baya aka yi makokin ƙasa saboda ita.

Wannan gaɓar ce ta fi tsaya min a rai. Mu masu kallo in mun ga yaro a fim sai muce kai wannan yaron ya yi sa'a, ya fito a talabijin. Ita Lata da bakinta ta sha faɗa a hirarraki cewa sam bata son aktin ɗin nan, bata son hodar da ake lafta mata, bata son fitilun nan masu zafi, bata son wani ya tsaya kanta yana cewa yi dariya, yi kuka, faɗi kaza. Tana yi ne don in bata yi ba tukunya ba zata hau wuta ba. Kuma ba ita kaɗai bace a zamanin, Madhubala da Meena Kumari duk tun suna ƙanana aka tura su gaban kyamara don su riƙe gidajensu, har ana kiransu Baby Mumtaz da Baby Meena. Waɗancan sun zauna a gaban kyamarar, sun zama taurari, Madhubala ta rasu 1969 tana 36, Meena Kumari 1972 tana 38. Lata ta lallaɓa ta zagaya bayan labule, kuma duk su biyun ita ta riƙa ara masu murya.

A 1945 suka koma Bombay, wato Mumbai ta yanzu. A shekarar ta fito a wani fim tare da Noor Jehan, wadda itama yarinyar fim ce da ta zama mawaƙiya kuma a lokacin ita ce sarauniya, duk wata mai tasowa salonta take kwaikwayo har da Latan. Sai aka raba ƙasa a 1947, Noor Jehan ta tafi Pakistan, Master Vinayak kuma ya rasu a shekarar. Yarinya ta rasa uban gida karo na biyu, ta shiga bin situdiyo situdiyo a jirgin ƙasa tana neman wanda zai saurare ta.

Wanda ya saurare ta ɗin shine Ghulam Haider, wani gwanin haɗa kiɗa. Ya ɗauke ta ya kai wa furodusa Sashadhar Mukherjee, shi kuma ya saurara yace a'a, muryar nan ta yi siriri da yawa. Lokacin yayin murya mai kauri ake, mai fitowa ta hanci. Haider ya ji haushi ya saka ta a wani aikin nasa a 1948. Ga kuma jarumi Dilip Kumar da ya taɓa yin tsokaci a gabanta cewa Urdun 'yan Marathi baya fita tas. Wata ce da sai ta yi fushi ta riƙe shi a zuciya shikenan, ita kuwa malami ta nema ta zauna ta koyi Urdu har lafazinta ya zama abun misali. Ni wannan halin nata na burge ni fiye da lambobin yabon duka.

Fim ɗin Mahal na 1949 shi ya buɗe mata ƙofa. Labarin fatalwa ne, Madhubala ce a fuska, Lata a murya, Khemchand Prakash ya haɗa kiɗan. Da yake ba wasu na'urorin kirki a lokacin, don a ji kamar muryar daga nesa take tahowa sai aka sa ta tsaya can ƙarshen ɗaki tana takowa a hankali zuwa makirfo tana rerawa. Waƙa ta fito ta karaɗe ƙasa, amma a jikin faifan garmaho ba sunan Lata, sunan da aka rubuta Kamini ne, wato sunan matar cikin labarin. Mutane suka dami gidan rediyo da tambaya wacece mai muryar nan, sai da aka nemo sunanta aka faɗa.

Inaga abun nan ya zauna mata a wuya, don daga nan rigimarta kusan duk a kan suna da haƙƙi ne. Fuska bata so a gani, amma suna kam sai an rubuta. Bikin karrama 'yan fim na Filmfare a da ba su da kyautar mawaƙan bayan fage, ta ƙi hawa dandamalinsu ta yi waƙa saboda haka, da aka ƙirƙiro kyautar a 1959 ita ta fara ɗauka. Ta ci sau 4, wajen 1970 tace a daina sa ta a takara a bar wa masu tasowa. Ta kuma tada maganar cewa mawaƙi ma a riƙa bashi kaso daga cinikin faifai, ba a biya shi sau ɗaya a sallame shi ba. Mawaƙi Mohammed Rafi yace shi in an biya shi kuɗin aikinsa magana ta ƙare, suka ɓata, shekaru suka ɗauka a cikin 1960 da wani abu basa waƙa tare. Ina son Rafi har raina amma a nan gaskiya tana bayan Lata. Wadda ta fara neman na abinci tana 13 ta san abun da ake nufi da a ci guminka.

Ba wai waliyyiya bace fa. An daɗe ana zarginta da cewa ita da ƙanwarta Asha Bhosle sun tare hanya, wasu mata masu murya sun taso sun ɓace don furodusoshi na tsoron ɓata mata rai. Har Ashan ma sun yi zaman doya da manja na wani lokaci bayan ta gudu ta auri sakataren Lata tana shekara 16. Ita da mai haɗa kiɗa S. D. Burman ma sun yi shekaru basa aiki tare. Mace ce mai kafiya, in tace a'a to a'a ɗin ce, kuma masana'antar da maza suka cika ba kasafai take yafe wa irin wannan macen ba, sai dai ita basu da yadda za su yi da ita.

Sauran kuwa sanannu ne, ba sai na ja ba. Janairun 1963 bayan yaƙin Indiya da Chaina ta rera waƙar tunawa da sojojin da suka mutu a gaban Firaminista Nehru har ya zubar da hawaye. 1974 ta cika ɗakin Royal Albert Hall a Landan. Kyautar Dadasaheb Phalke ta harkar fim 1989, kujerar majalisar dattawa ta Rajya Sabha 1999, Bharat Ratna wadda ita ce lambar girma mafi girma a ƙasar 2001. Ta yi waƙa da yaruka sama da 30. Wanda ya fi bani dariya shine na kurket: 1983 Indiya ta ci kofin duniya hukumar wasan bata da kuɗin da zata ba 'yan wasa tukuici, Lata ta yi taron waƙa a Delhi aka tara kuɗi kowane ɗan wasa ya samu rupi 100,000.

Amma ka duba wani abu. Ta rera wa jaruma Tanuja tana budurwa, Tanuja ta yi aure ta haifi Kajol, Kajol ta girma ta zama jaruma, a 1995 Lata tana wajen shekara 66 ta rera wa Kajol, kuma muka zauna muka yarda cewa muryar budurwa 'yar ashirin ce. 2004 tana wajen 75 ta sake yi wa Preity Zinta. Jarumai nawa aka yi yayinsu aka ajiye don fuska ta fara tattarewa, ita tana nan bayan makirfo ba mai tambayar shekarunta. Wasu na cewa a ƙarshe muryar ta ɗan gaji, eh na yarda ana ji, amma ni ko a hakan bana iya tsallake waƙar in ta zo.

Bata taɓa aure ba, a gidansu na Peddar Road ta zauna da 'yan uwanta har tsufa. Korona ta kama ta a Janairun 2022, ta yi kusan wata a asibitin Breach Candy, ta rasu 6 ga Fabrairu tana 92. Aka yi makokin kwana 2 a faɗin Indiya, aka sauko da tuta, aka ƙona gawarta a Shivaji Park bisa al'adarsu Firaminista Modi na wajen.

Na koma kan bidiyon nan kafin in kashe waya. Yarinyar ta gama faɗin layinta, ta ɗan saci kallon gefe kamar mai jiran ace mata ta tafi. Ance har ta tsufa in zata shiga situdiyo sai ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi take tsayawa ta yi waƙa.